Tambaya da Amsa: Bangaskiya, Ayyuka da Shari'a a Koyarwar Kirista

Wasiƙu uku daga cikin waɗanda suka iso wannan fili sun taru a kan magana ɗaya, wato matsayin ayyukan kirki da biyayya ga doka a cikin ceton mai bi, saboda haka muka jera su tare. An taƙaita tambayoyin domin a sami wurin amsa.

Tambaya ta farko

Malam, gaisuwa mai yawa. A wurin nazarin Littafi Mai Tsarki mun karanta Romawa 3:28, inda Manzo Bulus ya ce ta bangaskiya ake baratar da mutum, ba ta ayyukan Shari'a ba. Sai wani ɗan'uwa ya buɗe Yakubu 2:24, inda aka ce ta ayyuka ake baratar da mutum, ba ta bangaskiya kaɗai ba. Gardama ta kaure, har aka tashi ba a daidaita ba. Shin manzannin nan biyu sun saɓa wa juna ne? Daga wata mai karatu.

Amsa

'Yar'uwa, gardamar da kuka yi ta girme ku nesa ba kusa ba, kuma manyan malamai sun sha tashi daga kanta ba tare da sun daidaita ba. Abin da ya fi taimako shi ne a tambayi wane mutum ne kowane manzo yake fuskanta a lokacin da yake rubutu, domin amsa ba ta fahimtuwa sai an san tambayar da ta haife ta.

Bulus yana fama ne da masu cewa wanda ba Bayahude ba, idan ya ba da gaskiya ga Almasihu, bai cika ba sai an yi masa kaciya ya kuma ɗauki Shari'ar Musa. Wannan rigima ce ta kai ga taron Urushalima da ke cikin Ayyukan Manzanni sura 15, wajajen shekara ta 49, ita ce kuma ta sa Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya sa'ad da Bitrus ya janye daga cin abinci tare da masu bi na Al'ummai. Tambayar Bulus ita ce: da wace hujja mai zunubi zai tsaya a gaban Allah a karɓe shi? Amsarsa ita ce ba da wani abin da ya kawo a hannunsa ba. Yakubu kuwa yana magana ne da mutanen da suka riga suka shiga ikilisiya, suna furta bangaskiya da baki, amma in ɗan'uwa ko 'yar'uwa ta zo ba sutura ba abinci, sai su sallame ta da fatan alheri ba tare da sun miƙa mata komai ba. Irin bangaskiyar da Yakubu yake rushewa ya bayyana ta da kansa a aya ta 19: yarda da cewa Allah ɗaya ne, abin da aljanu ma sun yarda da shi har suna rawar jiki. Bulus bai taɓa cewa irin wannan yarda tana ceto ba.

Abin lura shi ne dukansu biyu sun kafa hujja da aya ɗaya, Farawa 15:6, inda aka ce Ibrahim ya gaskata Allah, aka lissafta masa wannan a matsayin adalci. Bulus ya dubi lokacin da abin ya faru: an lissafta wa Ibrahim adalci tun kafin kaciyarsa, wadda ta zo a sura 17 yana da shekara 99, kuma a Galatiyawa 3:17 ya ce Shari'a ta zo ne shekara 430 bayan alkawarin. Yakubu ya dubi abin da ya biyo baya a sura 22, sa'ad da Ibrahim ya ɗora Ishaku a kan bagade, ya ce a nan ne bangaskiyarsa ta cika ta wurin ayyukansa. Ɗaya yana kallon farkon tafiyar, ɗayan yana kallon inda aka gwada ta.

Kada kuma a manta cewa Bulus ɗin da ya rubuta Afisawa 2:8-9, cewa ta alheri aka cece mu ba ta ayyuka ba don kada kowa ya yi fahariya, shi ne ya ci gaba a aya ta 10 da cewa an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Shi ne ya ce a Galatiyawa 5:6 abin da ke da amfani shi ne bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna, ya kuma jera ayyukan jiki a cikin sura ɗin nan ya ce masu yin su ba za su gaji mulkin Allah ba. A Romawa 2:6 da 2 Korintiyawa 5:10 ya yi maganar sakamako ga kowa gwargwadon abin da ya aikata. Mutane da yawa suna haddace rabin Bulus ne, sa'an nan su kafa rabin nan ya yi faɗa da Yakubu.

Duk da haka ba zan ce miki babu wuya a cikin maganar ba. Martin Luta da kansa, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya ji nauyinta, har a gabatarwar fassararsa ta Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522 ya kira wasiƙar Yakubu wasiƙar ciyawa in an gwada ta da Romawa da Galatiyawa da Bisharar Yohanna, ya kuma mayar da ita can ƙarshe tare da Ibraniyawa da Yahuza da Wahayin Yahaya. Bai cire ta daga Littafi ba, kuma daga baya an cire wannan furuci daga bugun da suka biyo baya. Lutan nan kuma shi ne ya rubuta a gabatarwarsa ga Romawa cewa raba ayyuka da bangaskiya ba ya yiwuwa, kamar yadda ba a raba zafi da haske daga wuta. John Kalbin, wani babban jagoran gyaran ikilisiya, ya ɗaure maganar a 1547 da cewa bangaskiya kaɗai ce take baratarwa, amma bangaskiyar da take baratarwa ba ta zama ita kaɗai.

A ƙarnin da ya wuce an ƙara buɗe wata ƙofa. Tun daga binciken E. P. Sanders a 1977, malamai irin su James Dunn da N. T. Wright suka ce “ayyukan Shari'a” a bakin Bulus sun fi nufin kaciya da dokokin abinci da kiyaye ranaku, wato alamomin da suka raba Bayahude da sauran al'ummai, kuma Yahudawan zamaninsa ba su ɗauki kansu masu sayen ceto da ƙoƙarinsu ba. A ganina sun yi gaskiya game da inda rigimar ta faro, kuma sun wanke Yahudanci daga wani zargi da aka daɗe ana ɗora masa ba bisa adalci ba. Sai dai Romawa 4:4-5 ta wuce batun kaciya, domin a can Bulus ya gwada ma'aikacin da ake biyansa hakkinsa da wanda aka ba shi kyauta, kuma wannan ya shafi kowane irin aiki da mutum zai so ya kafa hujja da shi. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23 ba shi da sauran lokacin yin komai, amma aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Da an sauko da shi daga gicciyen ya rayu ya koma fashi, a nan ne Yakubu zai sami abin faɗa.

Tambaya ta biyu

Malam, na ji wani mai wa'azi yana cewa tunda Romawa 6:14 ta ce ba ma ƙarƙashin Shari'a sai ƙarƙashin alheri, Dokoki Goma ba su shafe mu ba, kuma duk mai kiran masu bi su tuba yana mayar da su bauta ne. Ban gamsu ba, amma ya yi tambayar da na kasa amsawa: in Shari'a tana nan, me ya sa muke zaɓen wasu dokokin Musa muna barin na abinci da na hadaya? Daga wani mai karatu.

Amsa

Ɗan'uwa, Bulus ya hango wannan wa'azi tun kafin a yi shi. Ayar da ke bin wadda aka karanta muku, Romawa 6:15, tambaya ce: to, sai mu yi zunubi don ba ma ƙarƙashin Shari'a? Ya amsa da a'a mai ƙarfi, kamar yadda ya yi a farkon surar. A Romawa 3:8 ma ya ambaci masu yi masa ƙazafin cewa yana koyar da a yi mugunta domin nagarta ta fito. Tun zamanin manzanni ke nan akwai masu jin “alheri” su fahimci “izini”.

Tarihi ya maimaita abin sau da dama. Markiyon, wanda ikilisiyar Roma ta kora wajajen 144, ya jefar da Tsohon Alkawari ɗungum. A zamanin gyaran ikilisiya, Johann Agricola, almajirin Luta kuma abokinsa, ya koyar cewa bai kamata a yi wa'azin Shari'a a ikilisiya ba, domin bishara kaɗai ce take kawo tuba. Rigimar ta tashi a Wittenberg a 1537, kuma Luta, wanda ake ɗauka shi ne babban mai kare bangaskiya kaɗai, shi ne ya yaƙe shi, ya fitar da rubutu a kansa a 1539, ya kuma laƙaba wa masu wannan ra'ayi sunan masu adawa da Shari'a. Bayan rasuwar Luta a 1546 mabiyansa suka sake rabuwa: Georg Major ya ce ayyukan kirki wajibi ne domin ceto, shi kuwa Nikolaus von Amsdorf, garin mayar masa da martani, ya ce ayyukan kirki suna cutar da ceto. Gudun gara ke nan aka tarar da zago. Yarjejeniyar koyarwa da Lutarawa suka yi a 1577 ta ƙi furucin biyu, ta ce ayyukan kirki tilas ne su biyo bangaskiya ta gaskiya, amma ba su da wuri a cikin dalilin baratarwa.

A can ne kuma aka tabbatar da abin da ake kira amfani uku na Shari'a. Tana hana ɓarna a cikin jama'a ta wurin tsoron hukunci, tana nuna wa mutum zunubinsa ta kora shi wurin Almasihu, tana kuma nuna wa wanda ya riga ya ba da gaskiya irin rayuwar da Allah yake so. Kalbin ya ɗauki na ukun nan a matsayin babban amfaninta, Lutarawa kuwa sun fi jaddada na biyu, kuma har yau ana jin wannan bambanci a salon wa'azin ɓangarorin biyu.

Game da tambayar da ta gagare ka, tsohuwar amsa ita ce an kasa Shari'ar Musa kashi uku: dokokin halin kirki, dokokin ibada da hadaya, da dokokin mulkin al'ummar Isra'ila. Toma Akwinas ya bayyana wannan rabo a ƙarni na 13, kuma Shaidar Bangaskiya ta Westminster ta 1646 ta bi shi. Dokokin hadaya sun cika cikin hadayar Almasihu, kamar yadda Ibraniyawa sura 10 ta nuna. Na abinci an sake su a Markus 7:19 da wahayin Bitrus a Ayyukan Manzanni sura 10. Na mulki sun tafi da mulkin da aka yi su dominsa. Na halin kirki kuwa suna nan, domin daga halin Allah suka fito. Dole in faɗi cewa wannan rabo yana da rauni guda: Attaura ba ta rubuta wa kowace doka sunan ajinta ba, kuma Galatiyawa 5:3 da Yakubu 2:10 suna maganar Shari'a a matsayin abu ɗaya dunƙule. Saboda haka wasu malamai suka fi son su ce alkawarin Musa ya ƙare gaba ɗayansa, mai bi yana ƙarƙashin “shari'ar Almasihu” da aka ambata a Galatiyawa 6:2 da 1 Korintiyawa 9:21. Amma ka lura da inda hanyoyin biyu suka ɓulle. Ko ta wacce aka bi, kisa da zina da sata da shaidar zur da bautar gumaka haramun ne, domin Sabon Alkawari ya sake faɗarsu, kuma Bulus ya jera huɗu daga cikin Dokoki Goma a Romawa 13:9 ya ce ƙaunar maƙwabci ta tattara su. Inda aka rabu da gaske shi ne dokar Asabar: 'yan Adbentis suna kiyaye rana ta bakwai, masu bin Westminster sun ce an mayar da ita Lahadi, wasu kuma suna kafa hujja da Kolosiyawa 2:16 da Romawa 14:5 cewa an bar wa lamirin kowa.

Mai wa'azin naku yana da rabin gaskiya, kuma rabi ne mai daraja. Romawa 8:1 ta ce babu hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu, kuma akwai wa'azin da ba ya barin mai bi ya huta, kullum yana ƙirga masa laifi har ya ɗauka Allah mai bin bashi ne. Inda ya kauce shi ne batun tuba. Yesu ya ce a Matiyu 5:17 bai zo ya rushe Shari'a ba sai dai ya cika ta, sa'an nan ya kai dokar kisa har ga fushi, ya kai ta zina har ga kallon sha'awa, wato ya zurfafa ta maimakon ya sassauta. A Wahayin Yahaya sura 2 da 3, ikilisiyoyi ne, ba arna ba, aka ce su tuba. Kuma 1 Yohanna 2:4 ta kira mai cewa ya san Allah alhali ba ya kiyaye umarninsa maƙaryaci. Wannan ne Dietrich Bonhoeffer ya kira alheri mai araha a 1937, wato gafara ba tare da tuba ba.

Sai dai a yi hattara da sunan “mai adawa da Shari'a”, domin an sha mayar da shi sanda. A Massachusetts ta Amurka an gurfanar da Anne Hutchinson a 1637, aka kore ta daga yankin a 1638, bayan ta zargi yawancin limaman wurin da wa'azin alkawarin ayyuka, kuma masana tarihi da yawa suna ganin ikon limamai da na mahukunta ya shiga cikin shari'ar tata ƙwarai. Kafin ka yanke wa mai wa'azin hukunci, ka tambaye shi kai tsaye ko mai bin da ke zaune cikin zina yana bukatar ya bari. Amsarsa za ta nuna maka ko kuskuren na harshe ne ko na koyarwa.

Tambaya ta uku

Malam, gaskiya ne Katolika suna koyar da cewa ayyuka ne suke ceton mutum? Na kuma ji an ce sun sulhunta da Furotesta a kan wannan. Daga wani mai karatu.

Amsa

Ɗan'uwa, a yadda ka faɗe shi ba gaskiya ba ne. Koyarwar cewa mutum yana iya yin adalci da ƙarfin kansa ita ce aka danganta wa Felajiyus, wanda Agustin na Hippo ya yi jayayya da shi, kuma taron shugabannin ikilisiya na Kartaj ya la'ance ta a 418. Taron Orange na 529 ya ƙara da cewa ko farkon bangaskiya ma kyautar alheri ce. Taron Trent na Ikilisiyar Katolika, wanda ya zauna daga 1545 zuwa 1563, ya fitar da hukuncinsa a kan baratarwa a Janairun 1547, kuma doka ta farko a cikinsa ta la'anci mai cewa ana baratar da mutum ta ayyukansa ba tare da alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu ba.

Bambancin yana wani wuri. Ga masu gyaran ikilisiya, baratarwa hukunci ne da Allah yake yankewa sau ɗaya, yana lissafta wa mai zunubi adalcin Almasihu, tsarkakewa kuma tana biyo baya a matsayin aiki dabam ko da yake ba sa rabuwa. Ga Trent, baratarwa ta haɗa gafara da sabunta mutum daga ciki, ana karɓarta a baftisma, mutum yana ba alherin haɗin kai, tana ƙaruwa ta wurin ayyukan da alheri ya haifar, ana iya rasa ta da babban zunubi a kuma maido ta ta wurin tuba da furta zunubi. Shi ya sa Trent ta ƙi “bangaskiya kaɗai” in ana nufin ba a bukatar wani haɗin kai daga mutum, ta kuma ƙi cewa mutum zai iya samun cikakken tabbacin cewa zai jure har ƙarshe ba tare da wahayi na musamman ba. Furotesta ma ba baki ɗaya suke ba a nan, domin mabiyan Kalbin suna cewa wanda aka barata da gaske ba ya faɗuwa har abada, mabiyan John Wesli, uban Metodis, kuwa suna cewa yana iya faɗuwa. Ikilisiyoyin Otodoks na Gabas ba su shiga rigimar ƙarni na 16 ba, kuma sun fi bayyana ceto a matsayin haɗin aiki tsakanin alherin Allah da yardar mutum.

Sulhun da ka ji shi ne sanarwar haɗin gwiwa da Ikilisiyar Katolika da Tarayyar Lutarawa ta Duniya suka sa wa hannu a Augsburg ta Jamus ranar 31 ga Oktoba, 1999. A cikinta suka shaida tare cewa ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceton Almasihu, ba don wata cancanta tamu ba, Allah yake karɓarmu ya ba mu Ruhu Mai Tsarki, wanda yake sabunta zukatanmu ya kira mu ga kyawawan ayyuka. Suka ce la'anonin ƙarni na 16 ba su hau kan koyarwar ɗaya ɓangaren kamar yadda aka bayyana ta a sanarwar ba. Majalisar Metodis ta Duniya ta shiga a 2006, tarayyar ikilisiyoyin Reformed ta duniya, wato masu bin tafarkin Kalbin, ta bi a 2017. Amma sanarwar ba ta soke Trent ba, kuma Lutarawan Missouri Synod a Amurka da Furotesta masu bishara da dama ba su karɓe ta ba, suna cewa an daidaita kalmomi ne alhali kowane ɓangare yana riƙe da ma'anarsa. Batun lada, da wurin tsarkakewa bayan mutuwa, da takardun sassaucin hukuncin zunubi waɗanda suka tayar da Luta a 1517, suna cikin abubuwan da har yanzu ba a warware ba.